Wane Maganin Wanke Fim Ya Dace da Mai Farawa a Gida?

Mai tambaya ya ce yana ɗaukar hoto da fim baƙi da fari na milimita 35, mafi yawa mai saurin ISO 400, kuma ya riga ya tanadi tanki da ma'aunin zafi da kofunan awo domin ya fara wanke fim ɗinsa da kansa. Da ya zo sayen dibelofa, wato maganin da ke fito da hoto a jikin fim, sai ya tarar da sunaye barkatai, kowanne da masu yabonsa, har ya rasa wanda zai ɗauka.

Malam, amsata a taƙaice ita ce ka fara duba yawan fim ɗin da za ka riƙa wankewa, kafin ka duba irin kyan da kowane magani yake bayarwa. Idan kana ganin za ka wanke naɗi huɗu zuwa shida a cikin 'yan watanni, ka sayi fakitin lita ɗaya na Kodak D-76 ko Ilford ID-11, ka riƙa sirka shi kashi ɗaya na magani da kashi ɗaya na ruwa, wanda ake rubutawa 1+1, ka yi amfani da shi sau ɗaya ka zubar. Idan kuwa kai mai ɗaukar hoto jefi-jefi ne, wanda naɗi ɗaya zai iya kwana wata biyu a cikin kyamararsa, to maganin ruwa mai kauri da ba ya saurin lalacewa ya fi maka, wato HC-110 ko Rodinal. Sauran bayanin da zan yi duk dalilan wannan hukunci ne, da kuma abin da ya sa na ajiye wasu magunguna masu kyau a gefe.

Ya kamata ka san aikin da maganin yake yi, domin daga nan ne bambancinsu ya taso. A jikin fim akwai shafen jelatin wanda ke ɗauke da ƙananan ƙwayoyin gishirin azurfa. Lokacin da haske ya faɗa musu a cikin kyamara, yakan bar musu wata alama da ido ba ya gani. Dibelofa shi ne ke bin waɗannan ƙwayoyi da haske ya taɓa, ya mayar da su baƙar azurfa, ya bar waɗanda haske bai taɓa ba, daga baya fiksa, wato maganin da ke kafe hoto, ta narkar da su ta fitar. Kowane dibelofa yana yin wannan aiki, amma akwai abubuwa uku da suke jayayya da juna a cikinsa: laushin yashi-yashin hoto, wato ɗigo-ɗigon ƙwayoyin azurfa da ake gani a hoto, kaifin gefen abubuwa, da kuma yawan bayanin da ake iya tsamowa daga cikin inuwa, wanda shi ake nufi idan an ce magani yana ba fim cikakken saurinsa. Wanda ya fi ƙarfi a ɗaya yakan sassauta a wani. Perceptol na kamfanin Ilford yana lausasa yashi-yashi sosai, amma yana cin saurin fim. Microphen yana ƙara sauri, amma yashi-yashin yakan ɗan fito. Rodinal yana ba da kaifi, kuma ba ya ɓoye yashi-yashi ko kaɗan.

D-76 yana tsakiyar waɗannan uku, kuma wannan shi ne dalili na farko da ya sa nake ba mai farawa shi. Kamfanin Kodak ya fitar da shi a 1927, da farko domin fim ɗin sinima, kuma haɗinsa na asali sananne ne: giram 2 na metol, giram 100 na sodiyam salfait, giram 5 na haidrokwinon da giram 2 na boraks a cikin lita ɗaya ta ruwa. ID-11 na Ilford a aikace haɗi ɗaya ne da shi, sai dai yana zuwa a ƙunshi biyu da ake narkarwa ɗaya bayan ɗaya, don haka duk wanda ka samu a cikinsu ka ɗauka ba tare da wani tunani ba. Saboda daɗewarsa, kusan babu wani fim baƙi da fari da za ka saya wanda masu yin sa ba su rubuta lokacin wanke shi da D-76 ko ID-11 ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda bai taɓa ganin yadda nagetif mai kyau, wato wankakken fim, yake ba, domin idan sakamakonka ya kauce, ka san ba daga lokacin da aka ba ka ba ne, sai ka nemi matsalar a zafin ruwa ko awo ko girgizawa ko kuma a kyamara.

Wancan salfait mai yawa, giram 100 a lita, shi ne sirrin halin D-76. Baya ga kare maganin daga iska, yana ɗan narkar da gefen ƙwayoyin azurfa yayin da ake wanki, shi ya sa yashi-yashin ke fitowa da laushi idan an yi amfani da uwar haɗin, wato maganin yadda aka narkar da shi daga fakiti, ba sirki. Da zarar ka sirka shi 1+1, ƙarfin salfait ya ragu da rabi, sai kaifi ya ƙaru, yashi-yashi ya ɗan ƙara bayyana, lokacin wanki kuma ya tsawaita. Fim ɗin Ilford HP5 Plus da aka ɗauka a saurin 400, a ma'aunin digiri 20 na Salshiyas, yana buƙatar minti 7 da rabi a ID-11 marar sirki, minti 13 a 1+1, minti 20 a 1+3. Fim ɗin Kodak Tri-X a D-76 mai sirkin 1+1 yana ɗaukar minti 9 da daƙiƙa 45. Tsawon lokacin nan alheri ne ga mai koyo. Idan hannunka ya yi nauyi wajen zuba magani ko juye shi har ka makara da daƙiƙa 30, a wankin minti 13 kuskuren bai kai kashi 4 cikin 100 ba, kuma ba za ka gan shi a hoto ba.

Akwai wata fa'ida ta biyu a sirkin 1+1, wadda a ganina ta fi ta kaifin muhimmanci. Uwar haɗin ana iya mayar da ita kwalba a sake amfani da ita, amma kowane naɗi yana rage mata ƙarfi kuma yana bar mata sinadarin buromaid, don haka dole a riƙa ƙara lokaci ana lissafin naɗi nawa suka wuce. Mai farawa yana da abubuwan lura da suka ishe shi ba sai an ɗora masa wannan ba. Wanda ya sirka ya zubar, kullum da sabon magani mai ƙarfi iri ɗaya yake aiki, saboda haka wankinsa na yau da na wata mai zuwa ana iya gwada su da juna. Tankin roba irin na Paterson yana buƙatar mililita 290 domin ya rufe naɗi ɗaya na milimita 35, da mililita 500 ga fim mai lamba 120, wanda ya fi na milimita 35 faɗi. Sai dai Kodak ya ba da shawarar mililita 473 na sirkakken D-76 ga kowane naɗi mai hoto 36, kuma ya ce idan tankin ƙarami ne mai ɗaukar rabin haka, a ƙara lokaci da kashi 10 cikin 100. Ke nan lita ɗaya ta uwar haɗi za ta wanke maka naɗi huɗu idan ka wadata kowanne, ko shida idan ka tsaya a kan abin da zai rufe fim kawai.

Raunin D-76 yana wajen haɗawa da ajiya. Gari ne, ana narkar da shi a ruwa mai ɗumi sosai, kimanin digiri 50 ga na Kodak da kimanin 40 ga ID-11, a bar shi ya huce, kuma ni na fi son a bari ya kwana kafin a fara aiki da shi. Dole a narkar da fakitin gaba ɗaya a lokaci guda. Kada ka ce za ka ɗebi rabin garin ka ajiye rabi, domin sinadaran da ke ciki nauyinsu da girman ƙwayarsu sun bambanta, kuma giram 2 na metol a cikin fiye da giram 100 na gari ba zai rabu daidai da cokali ba. Bayan an haɗa, yana kai wa wata shida a cikin kwalbar da ta cika har wuya aka toshe ta da kyau, amma kimanin wata biyu kawai a kwalbar da ta rage rabi, saboda iskar da ke samanta tana cin maganin a hankali. Mafitar wannan mai sauƙi ce: ka raba litar a ƙananan kwalabe huɗu na mililita 250, ka cika kowacce, ka rubuta ranar haɗawa a jikinta, ka riƙa buɗe ɗaya a ranar wanki. Kada girman fakitin lita 3.8 ko lita 5 ya ruɗe ka don ya fi araha a lissafi, domin mai wanke naɗi biyu a wata zai ƙare da zubar da kaso mai yawa daga cikinsa.

Daga nan ne maganin ruwa mai kauri ya samu ƙofa. HC-110, wanda Kodak ya fitar a 1962, ana auna shi kai tsaye daga kwalba a ranar wanki. Sirkin da aka fi sani shi ne wanda ake kira B, wato 1+31, kimanin mililita 9 na magani a tankin naɗi ɗaya, don haka kwalbar lita ɗaya tana wanke fiye da naɗi 100. Sakamakonsa yana kusa da na D-76, ko da yake yakan ɗan rage bayanin inuwa kuma ya ɗan ƙarfafa wuraren haske. Ilford yana da makamancinsa mai suna Ilfotec HC. Tsohon HC-110 ya yi suna da jure shekaru a kan kanta saboda kusan babu ruwa a cikin haɗinsa, amma a 2019 an sauya shi ya zama mai ruwa-ruwa, don haka ko da yake har yanzu ya fi haɗaɗɗen D-76 daɗewa nesa ba kusa ba, bai kamata a ɗora masa duk labaran da ake bayarwa game da tsohon ba.

Abubuwa biyu ne za ka kiyaye idan shi ka zaɓa. Na farko awo, domin a mililita 9 kuskuren mililita ɗaya ya haura kashi 10 cikin 100, saboda haka sirinji za ka nema, kofin awo ba zai yi ba. Na biyu gajartar lokaci. HP5 Plus a sirkin B minti 5 ne, Tri-X kuwa lokacin da Kodak ya rubuta masa minti 3 da daƙiƙa 45 ne, kuma a irin wannan wanki makarar daƙiƙa 30 ta zama kashi 13 cikin 100. Su kansu kamfanonin fim suna gargaɗin cewa wankin da bai kai minti 5 ba yana iya fitowa da dabbare-dabbare, domin maganin bai samu damar ratsa jelatin daidai a ko'ina ba. Masu amfani da shi sun warware wannan da wani sirki da suke kira H, wato 1+63, wanda ba ya cikin takardar kamfani, inda ake ninka lokacin B sau biyu a matsayin mafari. Idan za ka bi wannan hanya, ka haɗa mililita 500 ko da naɗi ɗaya za ka wanke, domin a samu kusan mililita 8 na magani a ciki, kada ƙarfinsa ya ƙare kafin aikin ya kammala.

Rodinal shi ne dattijon cikinsu. Dakta Momme Andresen ne ya haɗa shi wa kamfanin Agfa na Jamus, aka yi masa rajista a 1891, kuma har yau ana sayar da shi, kamfanin Adox da sunansa na asali, wasu kuma da lambar R09. Babu wanda ya kai shi jure ajiya: yana iya yin duhu a kwalba har ya koma ruwan ƙasa, ya ci gaba da aiki. Ana sirka shi 1+25 ko 1+50, kuma a 1+50 mililita 6 sun isa tankin naɗi ɗaya, don haka kwalbar rabin lita tana kai wa naɗi 80. Ga wanda ke tsoron ya buɗe kwalba bayan wata takwas ya tarar magani ya mutu, wannan babban kwanciyar hankali ne. Amma kai da ka ce fim ɗinka na milimita 35 ne mai saurin 400, ina so ka san abin da za ka gani. Rodinal ba ya narkar da gefen ƙwayoyin azurfa, saboda haka yashi-yashin HP5 Plus ko Tri-X zai fito ƙarara, musamman a sararin sama da fatar fuska, kuma na'urar sikanin takan ƙara fito da shi fiye da yadda yake a takardar hoto. Haka kuma yakan ɗan ci saurin fim, har masu amfani da shi da yawa suke saita kyamara a 250 ko 320 maimakon 400. Akwai masu neman wannan kamanni da gangan, kuma yana da kyau ƙwarai a hoton titi da na gine-gine. Idan fim ɗinka mai saurin 100 ne, kamar FP4 Plus ko Fomapan 100, ko kuma kana aiki da fim mai lamba 120 wanda ba a faɗaɗa shi da yawa, to wannan ƙorafi ya kusa gushewa, kuma Rodinal a 1+50 zaɓi ne da ba zan yi jayayya da shi ba.

Tun da an ambaci Rodinal, za ka ji ana yaba wata hanya da ake sirka shi 1+100, a girgiza a farko, a bar tankin tsaye awa guda ba a taɓa ba, ana cewa tana wanke kowane fim ba ruwanta da zafi ko lokaci. Tana da wurin da take amfani, amma ban yarda mai koyo ya fara da ita ba. Buromaid da ke fita daga fim yayin wanki ya fi ruwan nauyi, idan ba a motsa ba sai ya gangara ƙasa ya bar zane-zane, musamman daga ramukan gefen fim, kuma wannan tabo ba ya gyaruwa. Ban da haka, hanyar ba ta koya maka alaƙar lokaci da ƙarfin bambancin fari da baƙi, wadda ita ce ainihin abin da wankin gida yake ba mutum iko a kai.

Xtol, wanda Kodak ya fitar a 1996, idan ana maganar sakamako zalla, yana iya fin D-76 a dukkan ɓangarorin nan uku, ko da da kaɗan ne. An gina shi a kan sinadarin bitamin C maimakon haidrokwinon, kuma ana narkar da shi a ruwa marar zafi. Abin da ya hana ni sa shi a gaba shi ne fakitinsa na lita 5 ne, sannan idan ya lalace ba lallai launinsa ya sauya ya gargaɗe ka ba, kuma ruwan da ke da ƙarfe a ciki yana gaggauta mutuwarsa. Adox yana yin makamancinsa mai suna XT-3 a fakitin lita ɗaya, wanda ya rage matsalar yawa. Ilfotec DD-X magani ne na ruwa mai kyau sosai, ana sirka shi 1+4, ya dace da finafinan Delta da kuma tura fim zuwa 1600 ko 3200, wato a saita kyamara a saurin da ya fi na fim sannan a ƙara lokacin wanki, amma kowane naɗi yana shan kusan mililita 60, don haka kwalba ba ta daɗewa. Ilfosol 3 yana da sauƙin haɗawa a 1+9 ko 1+14, sai dai bayan an buɗe shi ba ya jure ajiya kamar HC-110, kuma lokutansa a 1+9 gajeru ne ga wasu finafinai.

Sauran zan wuce su da sauri. Maganin wanka ɗaya, irin Cinestill Df96, yana haɗa fitarwa da kafewa a ruwa guda, yana rage kwalabe, amma yana ƙwace maka ikon sarrafa lokaci, kuma abin da ya rage maka na wahala bai wuce minti biyar na fiksa ba. Caffenol, haɗin garin kofi da sodar wanki da bitamin C, wanda ya samo asali daga wani ajin kimiyyar hoto a Cibiyar Fasaha ta Rochester a Amurka a 1995, yana aiki da gaske, amma ƙarfin kofi ya bambanta daga gwangwani zuwa gwangwani, don haka ka bar shi sai ka san yadda nagetif daidaitacce yake. Magungunan da ke rina fim, irin PMK da Pyrocat-HD, suna da guba fiye da sauran kuma suna buƙatar kulawar da ba ta dace da makon farko ba.

Zafin ruwa yana shiga cikin zaɓin magani fiye da yadda ake zato. Lokutan da ake rubutawa na digiri 20 ne, kuma duk digiri ɗaya da ya ƙaru yana rage lokacin da kusan kashi 10 cikin 100. Idan ɗakin da kake aiki da ruwan famfonka suna kan digiri 24 ko sama, minti 13 na HP5 Plus a ID-11 mai sirkin 1+1 zai koma kusan minti 9, wanda har yanzu lokaci ne mai daɗin aiki, amma minti 5 na HC-110 a sirkin B zai faɗo ƙasa da minti 4. Saboda haka mai aiki a wuri mai zafi ya karkata ga sirki mai tsawon lokaci, wato D-76 a 1+1, ko Rodinal a 1+50, ko HC-110 a sirkin H, ko kuma ya sanyaya ruwansa da ƙanƙara ya ajiye tankin a cikin roba mai ruwan digiri 20. Akwai kuma Diafine, magani mai wanka biyu, minti uku ko fiye a kowanne, wanda ke aiki daga digiri 21 zuwa kusan 30 ba tare da an sauya lokaci ba, kuma ana maimaita amfani da shi na tsawon lokaci. Kuɗin wannan sauƙi shi ne ba ka da ta cewa a kan ƙarfin bambancin fari da baƙi, kuma hoton da aka ɗauka a rana mai lumshi yakan fito a kwance. Ko wanne ka ɗauka, ka tabbata dibelofa da ruwan tsayarwa, wato wanda ke dakatar da aikin dibelofa, da fiksa da ruwan ɗauraya zafinsu bai yi nisa da juna ba, domin sauyin zafi na farat ɗaya yana iya yamutsa jelatin.

Duk bambancin da na lissafa tsakanin waɗannan magunguna, a hoton da bai wuce girman takardar rubutu ba, bai kai bambancin da ke tsakanin naɗin da aka ba isasshen haske da wanda aka tauye ba. Bayanin inuwa a kyamara ake samunsa, kuma babu dibelofan da zai fito da abin da haske bai rubuta ba. Lokacin wanki wuraren haske yake sarrafawa. Shi ya sa nake ba da shawarar ka riƙe fim ɗaya da magani ɗaya da sirki ɗaya da salon girgizawa ɗaya har sai ka ƙarar da aƙalla lita biyu. A girgizawa, Ilford ya ce a kifa tanki sau huɗu a daƙiƙa 10 na farkon kowane minti, Kodak kuma ya fi son daƙiƙa 5 a kowace daƙiƙa 30. Dukansu suna aiki, muddin ba ka cakuɗa su ba. Ka buga gindin tankin a tebur bayan kowace girgiza domin kumfar iska ta saki fim. Idan hotunanka suna fitowa da fari mai ƙuna wanda babu bayani a cikinsa, ka rage lokaci da kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Idan suna fitowa a kwance babu armashi, ka ƙara kamar haka. Idan kuwa inuwa ce ta zama fayau a nagetif, ka ƙara wa fim haske a kyamara, kada ka taɓa lokacin wanki. Mai yin sikanin ya fi cin riba da nagetif mai ɗan sauƙin kauri fiye da wanda ya yi duhu sosai.

Akwai gwaji biyu da za su hana ka ɗora wa magani laifin da ba nasa ba. Kafin ka zuba dibelofan da ya daɗe a ajiye, ka yanki ɗan harshen fim ɗin da ya riga ya sha haske, ka tsoma shi a cikin sirkakken maganin a fili. Idan ya yi baƙi ƙirin cikin 'yan mintuna, maganin yana da rai. Bayan wanki kuma, ka dubi rubutu da lambobin da ke gefen fim, waɗanda kamfani ya buga da haske tun a masana'anta. Idan sun fito baƙi sosai amma babu hoto, matsalar ta kyamara ce ko fim bai ja ba. Idan babu su gaba ɗaya kuma fim ya fito fayau, to ko dai maganin ya mutu, ko an riga an zuba fiksa kafin dibelofa, abin da ya sa ya kamata kowane kofi ya kasance da sunansa a rubuce. Ka kuma duba kwalin fim kafin ka fara, domin Ilford XP2 Super, ko da yake hotonsa baƙi da fari ne, an yi shi ne domin wankin C-41 na fim mai kala.

Ta fuskar lafiya, metol da ke cikin D-76 da ID-11 yana jawo wa wasu mutane ƙaiƙayi da kumburin fata idan suka daɗe suna taɓa shi, kuma tsagwaron Rodinal yana da kaushin da zai iya ƙona fata ko ya cutar da ido. Ka sa safar hannu, ka yanke bakin fakitin gari ka zuba shi a hankali dab da ruwa domin kada ƙurarsa ta tashi, kada ka yi amfani da kwanon abinci ko kwalbar abin sha, kuma ka ajiye komai inda yara ba za su kai ba. Fiksar da ta gama aiki tana ɗauke da narkakkiyar azurfa, don haka ita ce ta fi cancantar a tara ta a jarka a kai wurin da ake karɓar sharar sinadarai.

Lokacin sauya magani yana zuwa ne idan ka iya faɗin abin da kake nema wanda na hannunka ya kasa ba ka. Idan ka fara ɗaukar hoto da dare kana tura HP5 Plus zuwa 1600, Microphen ko DD-X za su riƙe maka inuwa fiye da D-76. Idan kana faɗaɗa hoton fuska da yawa kuma yashi-yashi ya dame ka, ka gwada Perceptol ko Xtol, ko ma ka koma fim mai saurin 100, wanda zai yi maka tasiri fiye da sauya magani. Idan kaifi kake so, Rodinal yana nan. A ranar da za ka gwada, ka ɗauki abu guda a haske guda har naɗin ya ƙare, ka raba fim ɗin biyu a cikin duhu, ka wanke rabi da tsohon maganinka, rabi da sabon, sannan ka buga ko ka yi sikanin su a girman da ka saba amfani da shi kafin ka yanke hukunci.